Bargon Malam a kan ordinatar

Ga ta nan, ga ta nanka, Sharfaddeen angona. Tunda kana lakwal wurin ɗalibanka, na amsa maka: ta zo mu ji ta.

Tanimu mai gyara ya zo da hantsi duba tsohuwar ordinatarka, wadda wasu ke kira kwamfuta. Da ya kunna ta, ta yi kuka sau uku, allo baƙi ƙirin. Ya ce kukan memuwar ne, wai abin tunawarta. Ya zaro wasu ƴan falle biyu koraye, ya goge da gom na goge fensir, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wai guda ta mutu. Na ce, "To, muryar mijina marigayi Malam da ke ciki fa?" Ya ce, "Kaka, wannan ɗakinta daban." Ni dai ban gane ba. Abin tunawa ya mutu, amma ba ta manta ba?

Da ya mayar da mai ran, ordinatar ta tashi, jim kaɗan ta sake ɗaukewa. Ya taɓa wajen abin da ya kira ƙwaƙwalwa, ya janye hannu da sauri don zafi. "Wa ke rufe ta?"

Ni ce. In ka fita ka bar ta kunne, ina jin tana huci kamar mai masassara, sai in lulluɓe ta da bargon Malam. Ashe numfashi nake toshe mata. Ka yafe mini.

Kada ka kunna ta sai ya dawo gobe da kile, ɗan abin ajiyan nan da ake soka mata, ya kwashe muryar kakanka.

Motar Birnin Lalle na jirana, za ni sunan ɗiyar ƙanwarka Nana. Tanimu ya tafi da matacciyar memuwar, ordinatar na shan iska, bargo ya koma gadona.

Kakarka Fadimata