Ni Ne Ɗan Ƙarshen Kanal Da Ake Nema

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Allah Ya saka da alheri bisa yadda kuke sauraron damuwar mutane. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Na san wasu za su zage ni in sun karanta, ban ce ban cancanta ba, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, don ranar Juma'ar nan za a zauna a kan maganar.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Gonarmu ta gado tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isowa sai kowa ya sha ya ƙoshi, in ma ya iso. A lokacin zaɓen da ya wuce na buɗe guruf a waya don matasan yankinmu mu riƙa tattauna siyasa. Ya cika maƙil, amma me ake yi a ciki? Musu da zage-zage. Wannan ya yabi gwaninsa, wancan ya turo bidiyon da ba a san inda aka ɗauke shi ba, a wuni ana cacar baki, gobe a sake. Duk wannan ana yi ciyawar kachala ta cinye kanal ɗinmu, tumatir yana yaushi a tsaye, albasa tana ƙonewa tun ba ta yi kai ba. Na sha rubutawa da sunana cewa mu bar surutun nan mu fito aikin gayya. Ranar da na sa, 'yan tsiraru ne suka zo, muka tsaya muna kallon juna muka watse. Da na koma guruf na tarar ana yi mini dariya, wai admin ya fara neman kujerar kansila. Sun san ni, sun san gidanmu, sun san lokacin da nake yawo ba wando. Wa zai ji maganata?

Abin ya ci mini rai ƙwarai. A lokacin wayar mahaifiyata ta lalace, layinta yana ajiye a wurina. Sai na saka shi a wata tsohuwar wayata, na shigar da lambar cikin guruf, na sa mata suna Ɗan Ƙarshen Kanal. Wallahi da farko so nake kawai in samu wanda zai mara mini baya, ko da ni ne da kaina. Amma da na fara rubutu da wannan sunan sai na ji bakina ya buɗe. Abin da ba zan iya faɗa da fuskata ba na riƙa faɗarsa ba tsoro. Na ce musu mun iya zagin shugabanni a waya amma mun kasa cire ciyawa daga ruwan da muke ci da shi. Na ce duk wanda gwaninsa ya taɓa kawo masa ruwa gona ya ɗaga hannu. Wani lokaci har musu nake yi da kaina, in rubuta da sunana cewa a yi a hankali, in koma ɗaya wayar in ce admin matsoraci ne. Ina jin kunyar faɗar wannan, amma haka na yi.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne ma abin da ya fi rikita ni. Gayya ta biyu da Ɗan Ƙarshen Kanal ya kira, ban taɓa ganin taro irinsa a bakin ruwa ba. Matasa da lauje da adda, dattawa a kan gaɓa suna nuna inda za a bi, mata suka aiko da kunu, Fulanin da ke rugar gefenmu suka zo da fura suka shiga ruwa tare da mu, don su ma shanunsu a nan suke sha. Da yamma ruwa ya gangaro har gonarmu. Na tsaya ina kallonsa yana shiga kunya-kunya, hawaye na zubo mini. Daga nan guruf ya zama ƙungiya. Muka zaɓi shugabanni, muka fara zama ido da ido duk mako, muka je sakatariyar ƙaramar hukuma a kan a tsara rabon ruwa ta yadda na ƙarshe ma zai samu ranarsa, aka karɓe mu aka saurare mu. Masu neman takara da ba su san hanyar garinmu ba suka fara aiko da gaisuwa. Kowa yana tambaya wane ne wannan bawan Allah da ya tashe mu daga barci, ni kuma ina cikinsu ina taya su tambaya.

Wanda muka zaɓa ya riƙa magana da yawunmu shi ne Malam Habu, abokina tun muna firamare, malami a wata makaranta mai zaman kanta. Mutum ne mai natsuwa, ya iya tsara zance, ba ya ɗaga murya.

To, ga inda na yi ɓarnar. Ana tsakiyar rani ruwa ya sake janyewa. Mutane suka fara sanyi, ana cewa ga shi mun sha wahalar banza, zaman mako ya fara raguwa. Na tsorata kada abin da muka gina ya rushe. A teburin mai shayi na ji wani yana cewa ai Alhaji Ɗanlami ne, wani babban manomin shinkafa da gonarsa ke sama da mu, yake toshe ruwa da buhunan yashi don ya cika tasa. Ban je na duba ba. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko hoton buhunan yashi da ni da kaina na ɗauka ranar gayya, a wurin da muka gyara gaɓar da ta zabtare, na tura da sunan Ɗan Ƙarshen Kanal, na rubuta cewa da idona na gani a bakin gonar Alhaji. Me ya kai ni? Na gaya wa kaina cewa ai ko ban gani ba wataƙila gaskiya ne, kuma mutane suna bukatar abin da zai sake haɗa kansu.

Ya kuwa haɗa su. Kafin la'asar hoton ya fita daga guruf ɗinmu ya zaga ko'ina. Washegari wasu matasa suka tafi gonar Alhaji ba tare da sanin shugabanni ba. Ba su samu buhu ko ɗaya ba, amma zuciya ta riga ta ɗebe su. Suka farfasa kunyoyi, suka tattake irin shinkafar da yake shirin dasawa, suka yayyanke tiyon injin ban ruwansa. Ɗansa da ya fito ya hana su aka buge shi da sanda a kafaɗa, har yanzu hannun a ɗaure yake. Bayan 'yan kwanaki sai ga sanarwa cewa gyara ake yi a babban kanal can sama, shi ya sa aka rage ruwa ga kowa, har da shi Alhajin. Ranar da na ji wannan ina gona, sai da na zauna a ƙasa.

Alhaji ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ba a kan yaran kawai ba, a kan wanda ya tura hoton. Nan fa aka shiga neman Ɗan Ƙarshen Kanal. Ni na cire layin na ɓoye. Sai mutane suka fara haɗa lissafinsu: wa ya iya rubutu haka in ba malami ba? Wa ya fi kowa sanin abin da ake ciki? Ƙus-ƙus ya koma kan Malam Habu. Aka kira shi ofis aka wuni ana yi masa tambayoyi, aka bincike wayarsa ba a ga komai ba, aka ce ai yana da wata. Mai makarantarsu ya ce ya zauna a gida sai ƙura ta lafa, don iyayen yara sun fara magana. Yaran Alhaji kuma suna bi ta ƙofar gidansa a kan babur suna nuna shi da yatsa, matarsa ta daina barin 'ya'yansu su fita ko islamiyya.

Ya same ni a gona ina ban ruwa. Ya rame. Muka gaisa, sannan ya ce, “Mutumina, kai ne admin, kai ka shigar da lambar nan. Wane ne?”

Na ce masa wani ne ya turo mini ita tun da daɗewa ya ce a saka, na manta ko wane ne. Ban iya kallon idonsa ba, na yi ta gyara bakin kunyar da ba abin da ya same ta. Ya ce ya yarda da ni. Sannan ya faɗi abin da har yau yake sukata: “Ko ka sani ma kada ka faɗa mini. Mutumin ya yi kuskure, amma ba don shi ba da har yanzu muna zagin juna a waya. Ni zan iya ɗauka.” Ya tafi yana ba ni haƙuri wai ya tayar mini da hankali.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na mayar da layin na ɗan lokaci, na rubuta da sunan Ɗan Ƙarshen Kanal cewa hoton ba na gonar Alhaji ba ne, ƙarya na yi, a yafe mini, kuma Malam Habu ba shi da hannu. Na zaci shi ke nan. Ashe na ƙara hura wutar ne. Rabin mutane suka ce an sayi Ɗan Ƙarshen Kanal. Sauran suka ce ai ga shi nan, Malam Habu ya fito daga hannun 'yan sanda sai ga neman gafara, tilasta masa aka yi ya rubuta. Wato saƙon da na tura don in wanke shi, shi ya ƙara ɗaure shi. Yanzu masu zafin kai a cikinmu suna cewa in aka sake taɓa Malam Habu, sai sun cinna wa rumbun Alhaji wuta. Ina rubuta musu da sunana cewa su ji tsoron Allah, suna ce mini dama can an san ni matsoraci ne, ai Ɗan Ƙarshen Kanal ya daɗe da faɗa.

Ga kuma abin da ban yi tunaninsa ba tun farko. Layin da sunan mahaifiyata aka yi masa rajista. An ce mini in 'yan sanda suka bi diddigi za su gano mai shi. Tsohuwar da ba ta san ko me ake kira guruf ba, mai hawan jini, ita za a zo a yi wa sallama a ƙofar gida? Jiya ma ta tambaye ni me ya sa ba na cin abinci, ta ce in akwai abin da ke damuna in faɗa mata ta sa ni a addu'a. Na ce mata zafin rana ne.

Alhaji Ɗanlami kansa na haɗu da shi a kasuwar Kura. Na so in kauce ya kira ni. Abokin mahaifina ne marigayi, shi ya tsaya a kan jana'izarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce ba irin da aka tattake ba ne ya dame shi, wannan Allah zai mayar. Ya ce, “Ɗana, na tsufa a garin nan ba a taɓa ce mini ɓarawo ba. Yau jikokina ake tsokana da ɓarawon ruwa. Ka taimake ni in san wanda ya yi mini wannan, in tambaye shi me na tare masa.” Na ce in sha Allahu, Baba. Da wane baki na faɗi haka?

Yanzu dagaci ya shiga maganar don kada ta kai ga jini. Ya ce bayan sallar Juma'a za a zauna a ƙofar gidansa, da Alhaji, da shugabannin ƙungiya, da liman. Malam Habu zai rantse da Alƙur'ani cewa ba shi ba ne, kuma na san zai rantse da zuciya ɗaya. Amma Alhaji ya kafa sharaɗi, dagaci ya amince: admin ma zai dafa ya rantse cewa bai san mai lambar ba.

Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba, wannan kam na sani. In kuma na ƙi dafawa, kowa ya gane. In na tashi na ce ni ne, ban san abin da zai biyo baya ba. Ba ɗaurin nake tsoro ba kamar yadda nake tsoron abin da zai samu ƙungiyar. Maganar rabon ruwa ta kusa tabbata, an ce mu dawo a ƙarasa. Ranar da aka ji cewa admin ne ya yi ta wasa da hankalin mutane da waya biyu, wa zai sake fitowa gayya? Wa zai saurare mu a sakatariya? Za a ce duk abin ƙarya ne tun daga tushe, alhali ruwan da ya shigo gonakinmu ba ƙarya ba ne, guminmu ne. Yaran da suka yi ɓarnar kuma, da suka ɗauki maganata kamar ta wani waliyyi, me za su yi mini in suka san ni ne? Wani lokaci ina tunanin in je wurin Malam Habu shi kaɗai kafin ranar, in faɗa masa komai, ya yanke abin da ya ga dama. Wani lokaci in ce a'a, Alhaji ya kamata in fara samu a gida, in durƙusa, ko zai rufa mini asiri saboda mahaifina. Amma rufin asirin nawa ai shi ne ci gaba da zargin Habu a bakin mutane. Har tunanin barin gari na yi, in tafi kudu da motar tumatir, sai na tuna lambar tana kan sunan wa.

Na yi istigfari, ina kan yi. Amma haƙƙin mutane ne a wuyana, na mutum biyu da ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ku da kuke nesa kuna ganin abin da ni ba na gani. Wa zan fara tunkara, kuma da wace kalma zan buɗe baki? Akwai hanyar da zan wanke Habu da Alhaji ba tare da na kashe abin da jama'a suka gina da hannunsu ba, ko dai in haƙura in faɗi gaskiya a gaban kowa, abin da zai rushe ya rushe?

Juma'a ta matso. Don girman Allah, me zan yi?