Rijiya ta Bakwai

Yaya Tsermaa,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan kun fita hunturu lafiya, ke da Inna da dabbobi. Shekara huɗu ke nan rabona da bakin tafkinmu, kuma har yau ban saba da ƙasar da ba ta da inuwa ba.

An rufe ramin kwal. Manyan motoci sun tafi, masu manyan albashi sun bi su, an bar ni da igiyar awo da rijiyoyi goma sha biyu. Gwamnati na riƙe da kuɗin ajiyar kamfani. Ba za ta saki ba sai an nuna ruwan ƙasa yana komawa yadda yake, an kuma toshe rijiyoyin awon da siminti. Ni ma sai ranar za a sallame ni.

Sha ɗaya ruwansu na hawa. Ta bakwai kuwa kullum sauka. Na zargi igiyata, na zargi idona. Da na je ba ranar awo ba, sai na tarar da kwaɗon da muka kulle murfinta da shi a fashe, wata tsohuwa mai suna Handa ta zura tiyo da ɗan injinta, raƙuma sun kewaye ta.

Na ce, "Kaka, wannan ba ta sha ba ce, ta awo ce."

Ta ce, "To auna mana, ɗan bakin tafki. Na riƙe maka hannu?"

Na ce ai a kulle take. Ta ce tun da aka haife ta ba ta ji an sa wa ruwa kwaɗo a hamadar Gobi ba. Wanda ya zo ya sha, ya mayar da murfi, ya ɗora dutse. Rijiyar mahaifinta ta ƙafe da raminmu ya yi zurfi. Wannan ban musa ba, a gabana aka yi.

Ta ba ni shayi mai gishiri, ta ce na rame kamar akuyar aro.

Ki gaishe mini da Inna.

Ƙaninki,
Lodoi

*

Lodoi,

Muna lafiya, tumaki sun haihu. Inna kullum sai ta sauko da kofinka ta goge.

Kai da rijiyoyinka. Zuba mata siminti ka taho kafin bikin kokawa, dokinka ya manta warinka. Amma in ka toshe, ina tsohuwar za ta kai raƙuman? Ba tausayi ba ne, tambaya ce.

Yayarka,
Tsermaa

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan zo bikin ba, ki lallashi Inna. Tambayarki ce ta jawo.

Na kai maganar gun shugabana, Jamsran. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne irina. Ya ce ana iya barin rijiya ga mutanen gunduma in ruwanta mai kyau ne, amma sai an auna ta wata uku ba wanda ya ɗiba. Ya ce, "Watannin zafi ne, Lodoi, kuma kai za ka zauna, ba ni ba. Tiyo ya shiga sau ɗaya, siminti ne."

Na faɗa wa Handa, ina fatan ta ƙi in kama hanyar gida. Ta daɗe tana kallon bututun rijiyar.

Ta ce, "Bayan nan ta kowa ce?"

Na ce ta kowa.

"To kada ka sake sa kwaɗo, abin kunya ne." Ta ciro shuɗin ƙyalle na addu'a ta ɗaura a murfin.

Ta kwashe garkenta zuwa wata rijiya mai kanwa, tafiyar yini guda. Raƙuman sun san hanya, sukan gudo su durƙusa a nan suna kuka, ruwa na ƙarƙashin hancinsu. Ta biyo su a babur ta kora, tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunansa. 'Ya'yan raƙuma biyu sun mutu mata. Ba ta faɗa mini ba, fatun na gani a shanye.

Da zafi ya tsananta maƙwabta suka zo da tiyonsu. Ta zauna a kan murfin ta ce su fara ɗaga ta. Wani ya ce, "Kaka ta zama maigadin kamfani." Ta ce, "Kamfani bai isa ya biya ni ba, jikan malalaci. Jikokinka nake yi wa gadi." Suka juya.

Ni ake biya in tsare ruwan nan, Yaya, amma ban taɓa tsare shi haka ba.

Yana hawa.

Lodoi

*

Ƙanena,

Na karanta wa Inna. Ta ce kada ta gan ka sai ruwan ya gama hawa, ga safa ta saƙa maka. Ni kuwa ka gaya mini me ka tara a shekarun nan, in san ko in yanka tunkiya ko zomo.

Tsermaa

*

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Mai duba ta zo daga birni, ta auna da hannunta, ta sa hannu. Kofin farko Handa ni ta miƙa wa, ta ce, "Yau auna da bakinka." Sannan raƙuman suka sha. Ban tsaya kallo ba, ƙura ta shiga mini ido.

Ina tafe a motar mako mai zuwa. Ki ce wa Inna ta ɗora shayi.

Abin da na tara kuwa ga shi: takalmin sanyi ɗaya, buhun busasshen cukun raƙumi daga Handa, kuɗin mota da ɗan saura. Rijiya sha ɗaya na toshe da hannuna. Ɗaya tana buɗe.

Ƙaninki,
Lodoi