Ƙanwata Ta Yanka Zanen Kakarmu

Anti Maijidda, don Allah ki taimake ni da shawara, don raina ya ɓaci har na rasa wanda zan faɗa wa.

A hannun kakarmu, Inna Ishatu, na tashi a nan Tudun Wada. Da ta rasu ta bar wata adaka cike da zannuwan da: saƙi, da tsofaffin atamfofi masu nauyi, da wani barage mai ratsin jan alharini wanda ta ɗaura ranar da aka kai ta ɗakin miji. Babu wanda ya ko kalli adakar, har Mama cewa ta yi a ba mabuƙata. Ni na ɗauke ta. Ni ke shanya su, ni ke zuba kafur saboda asu. In na ɗaura ɗaya zuwa biki sai a yi ta dariya, wai kamar na fito daga tsohon hoto. Ban damu ba, don har yanzu ƙamshin turarenta bai bar su ba.

Watan jiya na yi tafiya. Ƙanwata Rauda, mai karatu a reshen jami'a da ke Kongo a nan Zariya, ta buɗe adakar ta ɗauki baragen nan ta kai wa telarta, Madam Euphemia, a Kwangila. Aka yanka shi, aka yi 'yar riga da jaka. A waya na fara ganin hoton, ƙawayenta suna ta yabo. Da na yi magana ta ce ai ita ma jika ce, kuma gara a gan shi a jikinta da ya ruɓe a duhu. Mama ta ce in daina tada jijiyar wuya a kan tsumma. Tsumma, Anti! Masaƙin da ya saƙa shi ya daɗe a ƙasa, ina za a samo wani?

Tun ranar ba ma magana. Ga bikinta ya matso, kuma wai ta aiko Mama in ba ta saƙin ta sa ranar kamu. Na sa wa adakar kwaɗo. Yanzu duk gida ni ce mai baƙin hali. Ya zan yi?

Jikar Inna, Tudun Wada, Zariya

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna. Kina da gaskiya: Rauda ba ta kyauta ba. Abin da almakashi ya raba ba ya komawa, kuma ya kamata ta tambaye ki. Ba tsumma ba ne, aikin hannu ne da tarihin gidanku.

Amma ki duba wani abu. Shekarun da kika yi kina kula da kayan nan, ba wanda ya waiwaye su. Yau ga mutum ta farko da ta ga kyansu, kuma saƙin kakarta take so ranar kamunta, alhali kasuwa cike take da leshi. Ba raini ba ne wannan, rashin sani ne. Kuma ita ma kakarta ce. Riƙo aka bar miki, ba mallaka ba.

Ki kira ta da kanki, ba ta bakin Mama ba. Ki faɗa mata abin da baragen yake a wurinki, ki bar ta ta ba ki haƙuri. Sannan ku buɗe adakar tare, ku ware waɗanda ba za a taɓa yankawa ba, da waɗanda suka riga suka mutu da za a iya juya su. Ku nemi tsofaffin ƙawayen Inna su gaya muku sunan kowane zane tun suna raye. Ki tambayi telar ko akwai ragowar ƙyalle, ki adana.

Saƙin kuwa, ki ba ta aro da sharaɗin ba yanka, ba ɗinki. Ranar kamu ke za ki ɗaura mata shi da hannunki, yadda Inna ta koya miki, don duk gidan ke kaɗai kika iya.

Allah ya sanya alheri a bikin, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Maijidda