Sai a Kotun Garinmu

Harlow Bend, Arkansas
9 ga Maris

Zuwa ga Yayana Cleophus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inez da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya sanyin Detroit? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Na ɗauki biro ne don in na kira ka a waya rabin hirar “Me kika ce?” ne, wannan kuwa ba zancen da zan yi da ihu ba ne.

Yaya, akwatin da Mama ta bari a ajiyar banki babu komai a ciki. Na je ɗauko zoben aurenta saboda bikin 'yata Jonelle, na sa makulli ya ƙi juyawa. Aka kira manaja, Royce Dabney, ɗan Mis Opal da muke waƙa tare a coci. Ya zo yana ta share gumi, ya buɗe da wani sabon makulli. Wayam. Ba zoben, ba lambar yabon da Baba ya samo a yaƙin Koriya, ba hoton Kaka Idella, wanda ka san shi kaɗai muke da shi.

Na ce, “Royce, ina kayan uwata?” Ya ce, “Mis Vernetta, an hana ni cewa komai.” Na ce, “Wa ya hana ka? Ka nuna min shi.” Ya sunkuyar da kai.

Daga baya hedikwatarsu da ke can wata jiha ta aiko cewa ba su amsa laifi ba, amma don kyautatawa za su ba ni dala ɗari biyar, wai irin waɗannan tsofaffin kaya ba su da wata daraja a kasuwa. Na zaga wajen lauyoyi, kowa ya ce shari'ar ba riba. To, na shigar da ƙara da kaina a kotun gundumarmu. Inda aka tambayi darajar abin da aka ɓatar, na rubuta cewa ba shi da farashi.

Ka gaida Inez. Ka riƙa shan maganinka.

Ƙanwarka,
Vernetta

2 ga Mayu

Yayana Cleophus,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi wa Inez aikin ido lafiya, mun gode Allah.

Ka ji sabon salo. Ina jiran a sa mana rana, sai ga takarda wai bankin ya ɗauke shari'ata daga garinmu ya kai kotun tarayya a Little Rock. Ban san ana ɗauke shari'a kamar tukunya daga murhu ba. Na tafi ɗakin karatu na gari na yi kwanaki ina karatu har idona ya yi ja. Abin da na fahimta shi ne, idan masu shari'a ba 'yan jiha ɗaya ba ne, kuma abin da ake jayayya a kai ya haura dala dubu saba'in da biyar, wanda aka kai ƙara yana iya mai da zancen gaban kotun tarayya. Su ba 'yan Arkansas ba ne, wannan gaskiya ne. Sai kuma lauyansu, wani Mista Whitcomb, ya kama kalmata ya ce tunda na rubuta ba farashi, ai ya wuce dubu saba'in da biyar.

Ka ji fa! Kayan da suka ce tarkace ne sun yi tsada dare ɗaya, don kawai su ja ni nesa da gida. Sun san shekaruna sittin da ɗaya, sun san motata ta tsufa, sun san ba ni da lauya. So suke su yi ta turo min takardu masu kauri har in gaji, ko in makara wajen amsa ɗaya a kori ƙarar ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Whitcomb ya kira ni, murya kamar zuma. “Malama Tolliver, kotun tarayya ba wurin koyon tuƙi ba ce.” Na ce, “Yaro, na tuƙa motar makaranta cike da 'ya'yan mutane tun kafin a yaye ka. Ka ajiye wayar.”

Na rubuta wa kotun tarayyar cewa ba ta da hurumin sauraron wannan ƙara, a mayar min da ita gida. Kuma zan rantse a rubuce cewa ba zan nema ba, ba zan karɓa ba, fiye da dubu saba'in da biyar. In na yi haka, hujjarsu ta faɗi.

Taka,
Vernetta

20 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake wasiƙarka ba ta gaishe ni ba. Ka ce na sa wa zoben Mama farashi kamar 'yar gwanjo. Ka ce in bar shari'ar inda take in nemi miliyan, su ji a jikinsu. Na karanta, na yi kuka, na kuma karantawa. Ka ji amsata, kuma ba zan janye ba.

Miliyan ba ya yi wa banki zafi, Yaya. Ni kuma ba ni da ƙarfin da zan kai can. Abin da nake so shi ne a zaunar da Royce Dabney a kujerar shaida, a garin da aka haife shi, ya ɗaga hannu ya rantse, ya faɗa da bakinsa abin da suka yi da kayan uwarmu, mutanen da suka ci tarwadar Mama a cin abincin coci suna kallonsa. Idan kuɗin da na yafe shi ne kuɗin motar da zai dawo da ni gida, na biya.

Ranar Talata muka je Little Rock, ni da Earline maƙwabciyata. Ta soya kaza ta ƙunso da burodin masara, masu gadin ƙofa suka hana ta shiga da shi. Ta ce musu, “To ku ci, amma ku bar min cinya ɗaya.”

Zauren kotun ya yi cocinmu biyu, ga sanyi kamar firji. Lauyoyin banki su uku a teburinsu, ni kaɗai a nawa. Whitcomb ya yi ta zuba sunayen tsofaffin shari'o'i, ban gane ko rabi ba. Sai alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta juyo gare ni.

“Malama Tolliver, kin fahimci cewa wannan rantsuwar za ta ɗaure ki? Ko mutanen garinku sun so su ba ki fiye da haka, ba za ki karɓa ba.”

Na ce, “Na fahimta, ranki ya daɗe.”

“Babu lauyan da zai ba ki wannan shawarar.”

Na ce, “Ai babu lauyan da ya ba ni kowace shawara.”

Sannan ta ce tunda haka ne kotunta ba ta da hurumi, ta mayar da ƙarar inda aka ɗauko ta. A hanyar dawowa Earline ta yi ta rera waƙar coci har muka shigo gari.

Ka yi fushinka, amma ka rubuto. Ba ni da wani yaya sai kai.

Vernetta

14 ga Nuwamba

Yayana abin ƙaunata,

Ina fata kun tashi lafiya. Na ga ɗan saƙon da ka sa Inez ta rubuto, cewa kana yi min addu'a. Na san a wurinka wannan ban haƙuri ne, na karɓa.

An gama. Ana saura kwana kaɗan a zauna, Whitcomb ya zo har gida da tayi mai tsoka, da sharaɗin in sa hannu ba zan ƙara tayar da zancen ga kowa ba. Ban sa hannu ba, na ba shi shayi mai ƙanƙara, na raka shi bakin mota.

Ranar shari'a kotu ta cika har baranda. Mis Opal tana layin gaba da hularta ta Lahadi. Ni da kaina na yi wa Royce tambayoyi. Da farko ya ce bai tuna ba. Na ce, “Royce, ka dubi mutanen nan ka sake faɗa.” Whitcomb ya miƙe ya yi ƙorafi, alƙali ya ce in tsaya kan tambaya. Na ce, “To, wa ya fasa akwatin?”

Sai Royce ya faɗa. An turo ma'aikata su fasa akwatin wani da ya daina biyan haya, suka fasa na Mama da ke gefensa. Aka kwashe kayan aka tura hedikwata, daga can aka sayar a gwanjo a Texas. Ya gano kuskuren tun bara, ya sanar da manyansa, suka ce ya sa sabon makulli ya yi shiru. Mis Opal ba ta ɗauke idonta daga kansa ba har ya gama.

Mutanen gari goma sha biyun da aka zaɓa su yanke hukunci suka ba ni gaskiya, suka ba ni iyakar abin da rantsuwata ta yarda. Wani tsoho a cikinsu ya tare ni a waje ya ce da sun so su ninka. Na ce na sani, ban kuma yi nadama ba.

Whitcomb ya ce za su ɗaukaka ƙara. Na ce ya ɗaukaka, ya san gidana.

Kayan ba su dawo ba, Yaya, kuma watakila ba za su dawo ba. Amma kafin Royce ya sauka daga kujerar nan na sa ya faɗi sunan gidan gwanjon da garin da yake, aka rubuta. Earline ta ce Texas da faɗi. Na ce ai ba duka zan zaga ba, ƙofa ɗaya zan ƙwanƙwasa, in ba su buɗe ba in zauna a bakinta. Na riga na kai motar a sauya mata taya. Litinin za mu kama hanya.

Ka gaida Inez da yara. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwarka har kullum,
Vernetta Tolliver