Farid da Shugabanni Huɗu

Daren Alhamis, Agusta 2021, Pantai Dalam

Yau Farid, abokin zamana ɗan Afghanistan, ya gabatar da takardarsa ta hanyar kwamfuta, tunda korona ta hana shiga jami'a. Kwana da kwanaki bai samu mahaifiyarsa a waya ba, tana Kabul. Na ce ya roƙi a ɗaga masa, ya ƙi.

Ina falo ina sauraronsa. Ya bi shugabannin Amurka huɗu ɗaya bayan ɗaya: wanda ya kai sojoji ƙasarsu, wanda ya ƙara yawansu, wanda ya ƙulla yarjejeniyar fita, da wanda yake kwashe su yanzu. Kowanne sai da ya faɗi abin da ya gyara kafin abin da ya ɓata. Ni da ƙasata ce, wallahi zagi zan yi.

Malamarsa ta tambaye shi wanne ya fi laifi. Ya ce, "Farfesa, kowannensu masu zaɓensa yake kallo, ba mu ba."

Na yo mana tapau, wato ƙunshin abinci, a gidan abinci na mamak, ko taɓawa bai yi ba. Kullum shi ke jan mu sallah, amma da magariba ya tura ni gaba. Ya ce, "Ɗan'uwa, yau in na fara karatu ba zan iya ƙarasawa ba."