Zuwa ga Lawali, Wanda Ya Wanke Fuskar Inna

Mushe Lawali, kamar yadda yaran ajinka ke kiran malami da Faransanci,

Gaisuwa da fatan kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ba ka cika karanta abin da na rubuta ba, sai dai ka juya takardar ka yi zane a bayanta.

Tasawa lafiya. Damina ta yi kyau, geron Korgom har ya fi na bara. Rufin lakwal ɗin da muka koyar tare yana nan yana yoyo a kusurwar da ka sani. Matarka Rabi ta fita takaba. 'Yata Hadiza ta sauka a Mayahi, mace, an sa mata sunan Inna, mahaifiyata. Wannan ne ya kai ni gidanka, kuma shi ya sa nake rubuto maka.

Ka tuna littafin da ka tsinta muna ɗalibai, na mai zanen nan ɗan ƙasar Otirish? Mutumin da ya bar sarakuna da mayaƙa, ya zauna yana zana mata masu wanki, da mai gyaran takalma, da tsohuwa mai tallan furanni, duk da fentin ruwa. Ka ce ashe Turawa ma suna da talakawa, kuma talakan ya isa a zana shi. Daga ranar ba mu sake hutawa ba. Ka zana masu awon hatsi, ka zana mahauta, ka zana Buzayen Isawan suna shayar da raƙuma a bakin rijiya. Gari ya sa maka suna Ɗan Otirish, kai da ko Yamai sai da aka yi maka rakiya.

Wa ya tsaya maka duk shekarun nan? Da aka fara cewa mai zana abu mai rai za a ce ya hura masa rai ranar lahira, ni na kwaso littattafai na zauna da malamai a ƙofar masallaci. Na kawo maganar wannan, na kawo saɓanin wancan, har wasu suka daina amsa sallamata da fara'a. Kai kuwa kana gefe kana wanke buroshi, kana gyaɗa kai kamar lauyanka ne ke aiki.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ka sani. Kai kaɗai ta bari, don a ganinta wasa kake da ruwa kamar mai raino. Ka zana ta tana dama fura a kasuwar Korgom, da tsagar kumatunta, da yadda take ɗage gira ɗaya in mai saye ya cika surutu. Da ta rasu na roƙe ka zanen. Ka ce da saura, inuwar bishiyar ba ta zauna ba. Na ce bari in ɗauka da waya, ka ce ba a ɗaukar aikin da bai ƙare ba. Na mayar da wayar aljihu, don ni mai ganin girman masu fasaha ne. Shekaru nawa inuwar nan ta yi tana neman wurin zama?

Bayan suna na je wurin Rabi na ce ta buɗe mini akwatin da kake ajiye zane-zanenka, zan kai wa Hadiza ta ga mai sunan 'yarta. Ta daɗe ba ta tashi ba. Da ta kawo, na gane dalili.

Ga kasuwar, ga ƙwaryar, ga ludayin, ga zanen da Inna ta ɗaura mai ruwan bula. Inda fuska take, farar takarda ce da ɗan dabbare. Na ɗaga na gaba, haka. Mahauta ba fuska, Buzaye rawani kawai. Rabi ta ce da ciwo ya yi nauyi kullum kana sa ta kawo maka ruwa a kwano da auduga, ta ɗauka na magani ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana wanke fuskokin. Ruwan kuma ta riƙa zubawa a gindin zogalen tsakar gida. Jakin kasuwar dai ka bar masa fuskarsa. Ban sani ba ko hannunka ne ya gaji, ko ka ga shi ba zai kai ƙara ba.

Ba tsoron Allah nake zarginka da shi ba, Lawali. Wanda ya ji mutuwa ta zauna a bakin tabarmarsa, ba ni da bakin ce masa ga abin da zai ji tsoro. Wataƙila ni ma in tawa ta zo in ƙone rabin abin da na karanta. Amma me ya hana ka faɗa mini? Ina zuwa dubiya, ina ganin yatsunka da launi, har na yi murna na gaya wa mutane Ɗan Otirish ya koma aiki. Ka bar ni ina murna. Ka san wannan fuskar ba taka ba ce kai kaɗai. Da ka ce in zo in kalla sau ɗaya, in cika idona, sannan ka sa audugar, da ni zan riƙe maka kwanon.

Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne na fara manta ta. Muryarta tana nan, har faɗan da take mini. Fuskar ce in na rufe ido take watsewa. Ban damu ba, don na san tana cikin akwatinka. A wurinka na ajiye uwata.

Rabi ta ba ni littafin Otirish ɗin, ta ce ka bar wasiyya nawa ne. Na gode. Shi bugun inji ne, ruwa ba ya cin sa. Matan wankin suna nan da kumatunsu jajaye, tsohuwar mai furanni tana murmushi. Su zan nuna wa jikata ke nan?

Ranar jana'izarka liman ya ce duk wanda ka yi wa laifi ya yafe. Ni na fi kowa ɗaga murya, har na baya suka waiwayo. Ka karɓi yafiyar kafin in ga akwatin. Ko a nan ka fi ni dabara. Na tambayi kaina ko ana karɓo irin wannan, na ga ba a karɓowa, kuma ko ana yi ba zan bar ka da nauyi a inda kake ba. Yafiyar tana nan. Fushin ma yana nan, kada ka ɗauka ya tafi.

Zanen na kai wa Hadiza haka nan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce hannun mai riƙe da ludayin irin nawa ne. Ban taɓa lura ba. Kai ka lura, mugu.

Na roƙi Rabi kada ta sare zogalen. In na biya nakan tsaya gabansa kaɗan.

Allah ya jiƙanka, ya sa abin da ka ji tsoro bai same ka ba. In kun haɗu da Inna, ka dube ta da kyau.

Abokinka da bai huce ba,
Idi na Inna