Ƙanina Ya Haska 'Yan Sanda Da Leza, An Ce In Ce Ni Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin ranar Litinin zan koma ofishin 'yan sanda kuma ban san abin da zan faɗa ba.

Ni mahauci ne a abbatuwar Agege, na haura shekara arba'in da biyar. Ban yi boko ina yaro ba, sai yanzu nake zuwa ajin manya bayan la'asar. Ina da ƙane da muke uwa ɗaya uba ɗaya, ni na yi ta dakon nama har ya yi difloma, yanzu dillancin shanu yake a kara, gida ɗaya muke haya. Kwanaki ya sayo wata 'yar tocila mai koren haske, wadda ake kira leza, wai ya fi ƙarfin nuna saniya da sanda kamar sauran dillalai, sai ya tsaya daga nesa ya ɗora wa saniya ɗigon haske a tozo yana wa mai saye Turanci. Na ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ashe abin bai tsaya kan shanu ba. Kun san a nan jirage ƙasa-ƙasa suke bi ta kanmu in za su sauka. Sai ƙaton mutum mai gemu da 'ya'ya biyu ya riƙa hawa saman bene bayan magariba yana bin jirgi da hasken nan, yana ɗauka a waya yana ƙyalƙyala dariya. Na yi masa magana a hankali, na ce malaminmu ya ce hasken yana dushe wa direban jirgi ido, kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Ya ce wai yaushe na fara A B C D da zan koya masa doka.

Ranar Alhamis ya ga motar 'yan sanda a bakin mahaɗa, ya haska wa ɗaya daga cikinsu ido. Suka biyo hasken har gidanmu. Jarumin naku ya sauko a guje, ya cilla lezar cikin ɗakina ya shige banɗaki ya kulle. A kan katifata aka same ta, ni aka tafi da ni a gaban matata da maƙwabta, sai washegari shugaban mahauta ya karɓo belina. A can na ƙi ba da bayani, na ce sai na ga manyana.

Da na dawo ban ji ko sannu daga bakinsa ba. Dabara ya zo min da ita. Wai in amsa laifin, in ce ni jahili ne ban san illar abin ba, ogan 'yan sandan zai tausaya min ya yi min faɗa ya sake ni, amma shi mai takarda ba za a yarda bai sani ba, kuma yana neman aikin ofis, in sunansa ya ɓaci shi ke nan. Ya riga ni bugo wa mahaifiyarmu waya a gida, yanzu Inna kuka take tana cewa babban wa uba ne, in rufa wa ƙanina asiri. Matata kuwa ta ce in na amsa, ita da yara wa zai ciyar da su? Wani lauya da ke sayen nama wajena ya ce babu wanda zai ba ni tabbacin faɗa kawai za a yi min, ba a yafe laifi don mutum bai sani ba.

Yau da safe ya shigo yana koya min yadda zan yi. Wai in sa tsohuwar riga, kada in yi ko kalmar Turanci, in an miƙo biro in ce ban iya ba, in dangwala yatsa. Na dube shi kawai, ko kunya babu a idonsa.

Wallahi shi bai kai in sake kwana a sel ɗin 'yan sanda dominsa ba, hawayen Inna ne suka ɗaure ni. Jama'a, in faɗi sunansa in jure fushin mahaifiya, ko in je in dangwala?